Tsiron waken suya ko garin leda: wanne ya fi dacewa da kunun yara?

Hajiya, tsakanin waken suyar da ake tsirarwa a gida da garinsa na leda da kika tambaya a kai, ni dai na yi amfani da duka biyun, kuma ɗaya ne kawai na sake komawa gare shi.

Na fara tsirar da waken suya ne a wani hunturu, lokacin da nake yaye autata, bayan na lura cewa duk ranar da na zuba garin wake a kununta sai cikinta ya kumbura, ta kwana tana juyi. Surukata ce ta ga abin ta ce mini, tun da muna tsirar da dawa da gero domin kunu, me zai hana in gwada da wake? Na jiƙa rabin tiya da dare, da safe na tsane shi a kwando, na rufe da tsabtataccen ƙyalle, na ajiye kusa da randa inda sanyi yake, ina ɗauraye shi sau uku a rana. A kwana na uku ya fito da farin tsiro kamar tsawon gaɓar yatsa. Na tafasa shi, na shanya, na ɗan toya, na sheƙe ɓawon, sannan na kai inji tare da gero da gyaɗa. Kumburin ya ragu ƙwarai, warin ɗanyen wake ya yi sauƙi, yarinyar da take kawar da kai ta koma bin cokali da baki.

Abin da ya faru yana da dalili. Busasshen waken suya yana ɗauke da furotin kusan gram 36 a cikin kowane gram 100, da mai kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma yana kuma ɗauke da wasu nau'o'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, waɗanda ƙwayoyin cikin hanji suke ruɓar da su har iska ta taru. Idan ƙwayar ta fara tsira, wannan sukarin ne take fara ci domin samun ƙarfi, shi ya sa iskar take raguwa. Haka nan akwai sinadarin fayitet, wanda yake riƙe sinadarin ƙarfe da zinki ya hana jiki ɗaukarsu yadda ya kamata, kuma tsiro yana karya wani sashe nasa. Wannan ne ya fi muhimmanci a wurina, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin yaranmu da mata masu ciki, kuma ba kowane gida ne yake samun nama kullum ba. Tsiron yana samar da bitamin C, wanda kusan babu shi a busasshen wake, sai dai shanya da tuya suna cinye yawancinsa, don haka mai neman wannan bitamin gara ta jefa tsiron cikin miya ko faten tsaki, kamar yadda mutanen Koriya suke dafa shi a miyarsu ta yau da kullum. Kada kuma lissafi ya ruɗe ki: gram 100 na tsiro mai danshi furotin ɗinsa bai wuce gram 13 ba, saboda mafi yawan nauyinsa ruwa ne, sai an busar da shi yake komawa kusa da yadda yake.

Garin leda kuwa, yana da sauƙi, kuma idan an gasa shi da kyau furotin ɗinsa yana nan. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Wanda na taɓa saya a wani shago, ko mako biyu bai yi ba ya fara warin tsohon mai, kuma da na dama shi ya yi kauri irin na masara, abin da waken suya zalla ba ya yi saboda sitacinsa kaɗan ne.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wasu suna cakuɗa garin da masara ko rogo su sayar a farashin wake, wasu kuma suna liƙa takarda ba lambar NAFDAC ba ranar ƙarewa. Ko ƙwayar za ki saya, ki guji wadda aka turbuɗe da hoda mai launin ja ko ruwan hoda, domin irin shuka ce da aka yi wa magani, ba ta ci ba ce, kuma ki sansana ko akwai warin maganin ƙwari. Waken suya yana saurin mutuwar ido a wurin zafi, saboda haka na bara da ya sha bazarar Sakkwato a cikin buhu sau da yawa ruɓewa yake yi maimakon ya tsira. Ki sayi kaɗan tukuna, ki jiƙa ƙwaya 20, idan mafi yawansu suka fito sai ki koma ki ƙara.

Sharaɗi ɗaya ba a wasa da shi, wato dafuwa. Ɗanyen waken suya, ko ya tsira, yana da sinadarin da yake hana narkewar furotin, wuta ce kawai take kashe shi, sannan ɗumi da danshin da tsiro yake so su ne ƙwayoyin cuta suke so. A shekarar 2011 ɗanyen tsiron hulba ya haddasa annoba a Jamus wadda ta kashe mutane fiye da 50. Ki tafasa naki aƙalla minti 15, kuma duk wanda ya yi yauƙi ko tsami ki zubar.

Ki zaɓi tsiron gida. Ki yi shi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da sabon wake ya shigo kuma gari ya yi sanyi, domin a Maris da Afrilu, da zafi yake wuce digiri 40, kwana ɗaya ya isa ya lalata miki kwando guda. Ki busar da shi ƙayau ki ajiye ƙwayar a mazubi mai murfi, kina niƙa na mako biyu-biyu. Idan yaron bai cika wata shida ba, a bar shi da nono zalla, idan kuma ya cika, ki fara da ƙaramin cokali ɗaya ki lura da ƙuraje ko amai, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar waken suya ko ta yaya aka sarrafa shi.