Makin Martabar Shafi: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda Ina Amfani da Shi

Shekara guda da 'yan watanni ke nan ina biyan kuɗin wata-wata domin amfani da manhajar kamfanin Moz, kuma abin da ya ja ni gare ta tun farko shi ne lambar nan da suke kira Domain Authority, wato makin da suke bai wa kowane shafin intanet daga 1 zuwa 100 domin kimanta ƙarfinsa a sakamakon bincike. Ina da ƙaramin shafi da nake wallafa bayanai a kan gyaran wayoyin hannu da yadda ake kula da su, kuma na daɗe ina jin masu harkar suna tambayar juna makin shafinsu kamar yadda ɗalibai ke tambayar juna sakamakon jarrabawa. Na so in ga da idona ko wannan lamba tana da alaƙa da yawan mutanen da Google ke turo mini.

Abu na farko da ya kamata mai shirin biyan kuɗinsa ya sani shi ne, wannan maki ba daga Google ya fito ba. Google yana da nasa ma'aunin mai suna PageRank, wanda Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙira tun suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, kuma tushensa shi ne ɗaukar kowane mahaɗi (wato link, wurin da ake dannawa a tafi wani shafi) da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin ƙuri'ar amincewa, ƙuri'ar babban shafi kuwa ta fi ta ƙarami nauyi. A da, Google yana nuna wa jama'a wani ɓangare na wannan ma'auni daga 0 zuwa 10, amma ya daina sabunta shi a ƙarshen 2013, sannan ya cire shi gaba ɗaya a 2016. Giɓin da ya bari ne ya sa makin kamfanoni masu zaman kansu ya samu karɓuwa. Moz yana da Domain Authority, Ahrefs yana da Domain Rating, Semrush yana da Authority Score, Majestic kuma yana da Trust Flow da Citation Flow. Kowannensu yana aika nasa manhajojin su zagaya intanet suna tattara mahaɗai, sannan ya yi lissafi da abin da ya tattaro. John Mueller na Google ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba sa amfani da Domain Authority wajen jera shafuka, kuma dole in yaba wa Moz a kan cewa shi ma ya rubuta hakan ƙarara a bayanin da ya yi wa makin nasa.

Inda manhajar ta fi yi mini amfani shi ne wajen zaɓen fagen da zan shiga takara. Akwai ɗan ƙaramin kayan aiki mai suna MozBar da ake maƙalawa a burauza, wanda da zarar ka yi bincike a Google zai nuna maka makin kowane shafi a ƙarƙashin sunansa. Kafin in same shi, nakan zauna kwana biyu ko uku ina rubuta bayani a kan babban maudu'i, misali kwatanta sababbin wayoyi, daga baya in yi ta mamakin yadda babu mai zuwa karantawa. Ranar da na fara duba irin wannan bincike da MozBar a kunne, sai na ga dukkan shafukan da suka cika sahun farko makinsu ya haura 80, alhali nawa bai kai 20 ba. Nan take na gane cewa ba ingancin rubutuna kaɗai ne ya hana ni fitowa ba, na shiga kokawa ne da waɗanda ba sa'o'ina ba. Daga lokacin na koma neman tambayoyi ƙanana masu takamaiman buƙata, inda ake samun shafuka masu ƙaramin maki a sahun farko, domin ganinsu a wurin alama ce ta cewa akwai ƙofa a buɗe. A wannan fanni kam, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai dai a irin wannan dube-dube ne kuma na ga iyakar makin. Wata rana ina binciken yadda ake tsabtace ramin caji idan ƙura ta toshe shi, sai na tarar da wani ɗan shafi mai maki ƙasa da nawa yana saman manyan shafukan fasaha guda uku. Na buɗe shi domin in ga sirrin. Marubucin ya ɗauki hotuna da kansa, mataki bayan mataki, ya nuna irin tsinken da ya dace da wanda bai dace ba, ya yi gargaɗi a kan sa ƙarfe a cikin ramin, ya kuma bayyana alamomin da ke nuna cewa matsalar ta wuce ƙura, sai an canja ramin baki ɗaya. Manyan shafukan kuwa sakin layi biyu ko uku suka yi a kan batun suka wuce. Google yana jera amsa ne ga kowace tambaya daban, yana duba shafi ɗaya-ɗaya da yadda ya dace da abin da mai bincike ke nema, shi kuwa makin martaba lamba ɗaya ce tak da aka liƙa wa gidan gaba ɗaya, wato shafin intanet ɗin da dukkan rubuce-rubucen da ke cikinsa. Tun daga ranar na daina ɗaukar babban maki a matsayin katangar da ba a ƙetarewa.

Akwai abubuwa biyu game da yadda ake lissafin makin da suka ɗauke ni lokaci kafin in fahimta, kuma rashin fahimtarsu yana jefa mutane cikin damuwar da ba ta da dalili. Na farko, matakan ba daidai suke da juna ba, domin hawa daga 20 zuwa 30 ya fi hawa daga 70 zuwa 80 sauƙi nesa ba kusa ba. Na biyu, makin na kwatance ne, ana auna ka da sauran shafukan da ke rumbun bayanan Moz, saboda haka idan manyan shafuka irin su Facebook suka samu ɗimbin sababbin mahaɗai, naka makin yana iya sauka ba tare da ka rasa ko da mahaɗi ɗaya ba. Haka kuma idan kamfanin ya sake fasalin lissafinsa, kamar yadda Moz ya yi a watan Maris na 2019, maki yakan motsa a shafuka da yawa a lokaci guda. Na taɓa wayar gari na ga makina ya sauka da biyu, hankalina ya tashi, amma da na buɗe Search Console, kayan aikin da Google ke bai wa masu shafi kyauta domin ganin yadda shafinsu ke fitowa a bincike, sai na ga yawan masu shigowa daga bincike a wannan makon ƙaruwa ma ya yi.

Na kuma gwada duba shafina a ma'aunan Ahrefs da Semrush, kuma lambobi uku daban-daban na samu. Wannan ba kuskuren kowa ba ne, tun da ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na Ahrefs mahaɗai kawai yake dubawa, wato shafuka nawa ne suka nuno ka da kuma ƙarfin kowannensu, yayin da na Semrush yake haɗawa da ƙiyasin baƙin da shafi ke samu daga bincike da kuma alamomin maguɗi. Don haka duk wanda ya gaya maka makin shafinsa, sai ka tambaye shi na wane kamfani yake nufi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan shekara bai fito daga manhajar ba, ya fito ne daga kasuwar da ta tsiro a gefenta. Kusan kowane mako sai na samu saƙon imel daga wani wanda ban sani ba, yana alƙawarin ɗaga makina zuwa 50 cikin wata guda, ko yana tallata mini gurbin rubutu a shafuka masu babban maki. Sau ɗaya na nemi ɗaya daga cikinsu ya turo mini samfurin shafukan da yake magana a kai. Lallai makinsu babba ne kamar yadda ya faɗa, amma da na shiga sai na tarar da tarkacen rubutu marasa alaƙa da juna, yau caca, gobe magungunan rage ƙiba, jibi bashin gaggawa, kowanne da mahaɗi a cusa a tsakiyarsa, kuma babu alamar akwai mai karanta su. Tun da lissafin ya dogara ne da mahaɗai, ana iya kumbura shi da mahaɗan bogi, lambar ta hau alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru a cikin masu ziyara ba. Haɗarin ma ya wuce asarar kuɗi, domin sayen mahaɗai don ɗaga matsayi ya saɓa wa ƙa'idojin Google, wanda tun sabuntawar da ya yi wa tsarin bincikensa mai suna Penguin a watan Afrilun 2012 yake farautar irin wannan aiki, kuma a watan Maris na 2024 ya ƙara da ƙa'ida a kan masu sayen tsofaffin adireshin shafuka da wa'adin rajistarsu ya ƙare domin cin gajiyar tsohuwar martabarsu. Yana damuna ƙwarai in tuna cewa masu ƙananan shafuka, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, su ne suka fi faɗawa wannan tarko.

Adalci ya sa in ambaci wani abu da ke ƙarfafa gwiwar masu goyon bayan makin. A watan Mayun 2024 wasu takardun cikin gida na Google suka fito fili, Rand Fishkin, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Moz, da Mike King, ƙwararre a harkar ɗaga shafuka a sakamakon bincike, suka yi nazarinsu, kuma a ciki aka ga wani ma'auni mai suna siteAuthority. Mutane da yawa suka ce ai ga shi nan, dama Google yana auna martabar shafi gaba ɗaya. Ni ma ina ganin hankali ya yarda cewa injin bincike zai bambanta gidan da aka daɗe da amincewa da shi da wanda aka buɗe jiya. Amma takardun ba su nuna nauyin da ake bai wa wannan ma'auni ba, Google ya yi gargaɗi a kan yanke hukunci da bayanan da ba su cika ba ko suka tsufa, kuma kamancin suna bai mayar da lissafin Moz ya zama na Google ba.

Game da manhajar kanta, tana da sauƙin fahimta ga wanda bai ƙware ba, kuma sashenta na Link Explorer, wanda ke jero shafukan da suka nuno ka da waɗanda suka nuno abokan takararka, ya fi makin amfani a wurina. Ta nan na gano wasu shafukan koyar da sana'a da suke nuna abokan takarata amma ba su san da ni ba, na rubuta musu da hujjar abin da nake da shi, kaɗan daga cikinsu suka amsa, kuma daga waɗannan mahaɗai na samu baƙi na gaske masu tsayawa su karanta.

Ga wanda yake da shafi ɗaya ƙarami irin nawa, ba na ganin wajibi ne ya riƙa biya kowane wata, domin Moz da Ahrefs duk suna ba da damar duba maki kyauta daidai gwargwado, kuma Search Console yana nuna ainihin kalmomin da mutane suka bincika kafin su iso gare ka. Wanda yake kula da shafukan mutane da yawa, ko yake tantance wuraren da zai nemi haɗin gwiwa, shi ne zai fi morar kuɗinsa. Ni dai na yanke shawarar in riƙa biya na wata ɗaya sau biyu a shekara, in yi binciken abokan takara da na mahaɗai a cikinsa, sauran watannin kuma in mayar da kuɗin da lokacin ga ɗaukar hotuna da rubuta bayanan gyara da masu karatuna suka fi tambaya.