Kaska, ƙuma da ƙaiƙayin kunne: abin da na gani bayan na gwada Bravecto da Stronghold

Daminar bara ce ta nuna mini cewa kaska ba abin rainawa ba ce. Muna da karen gadi a gidanmu a Kaduna, Duna muke ce masa, nauyinsa kilo 23, sai kuma kyanwa wadda uwargida take ji da ita. Ruwa na sauka kaska ta yi wa Duna caa, tsakanin yatsu, cikin kunne, ƙarƙashin wuya. Da yamma in sa safar hannu in cire masa, gari ya waye kamar ba a taɓa ba.

Na fara da inda kowa yake farawa. Wani mai shago ya auna mini maganin wankan shanu a kwalba, ba takarda ba komai, ya ce murfi biyu a bokiti. Kaska ta zube kam, amma karen ya wuni yana tangaɗi yana dalalar da yawu, ni kuma hankalina a tashe. Kafin mako biyu ta dawo. Wani ya ce in shafa masa fiya-fiya, wani ya ce baƙin mai. Don Allah kada kowa ya yi haka, guba ce, kuma dabba tana lasar jikinta.

Da Duna ya daina cin abinci na kai shi asibitin dabbobi. Likita ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashi ya yi fari fat, jini ya ja baya. Gwaji ya nuna cutar da kaska ke sa wa kare a jini, aka ɗora shi kan maganin doxycycline na kwana 28. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba: wannan kaskar mai ruwan ƙasa ba daga daji take zuwa ba, a gida take zaune. Macen idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka, ta shige tsagar bango ko ƙasan ɗakin kare, ta zuba ƙwai dubbai. Ashe ni jikin kare nake ta wankewa, rumbun kuwa yana cikin katanga.

Likitar ce ta rubuta mini Bravecto. Ƙwaya ce guda, mai laushi, mai ƙanshin nama, ta kamfanin MSD, ta fito kasuwa a 2014, sinadarinta fluralaner. Ana saye gwargwadon nauyi, na Duna na kilo 20 zuwa 40 ne, kuma da abinci ake bayarwa. Ya tauna ta kamar tsire, ba kokawa ba ɗauri. Washegari na tarar da kaska a bushe a jikinsa, wasu sun zube a inda yake kwana. Ƙumar da ke sa shi cizon gindin wutsiya ita ma ta ɗauke.

Abu guda da ya kamata mai saye ya fahimta, domin ya ruɗa ni da farko: maganin ba ya korar kaska, a jini yake aiki. Sai ta hau ta ciza sannan ta mutu. Don haka makonnin farko na ci gaba da ganin ƙanana suna hawa, har na fara zargin kuɗina ya tafi a banza. Ba haka ba ne, 'ya'yan cikin bango ne suke fitowa suna mutuwa. Na taimaka da liƙe tsagogi da siminti, na ƙone tsohon buhun da yake kwanciya a kai. Zuwa wata na biyu sai in yi ta dube-dube ban samu ko ɗaya ba.

An san Bravecto da yin aiki na mako 12, amma takardarsa ta Turai ta rubuta mako 8 ga wannan kaskar ta gida, kuma ita ce ta fi damun karnukanmu, saboda haka a bar wa likita ya tsayar da ranar maimaitawa. Yana da tsada, ba zan ɓoye ba, ko da yake kuɗin jinyar da na kashe ya fi shi. Haka kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa wannan rukunin magunguna kan jawo wa wasu dabbobi rawar jiki ko farfaɗiya. Duna bai nuna komai ba, amma mai karen da ya taɓa farfaɗiya ya faɗa wa likita tun kafin a ba shi.

Kyanwa kuwa tata matsalar daban. Kullum tana girgiza kai tana susar kunne har ta ji wa kanta ciwo, ciki cike da baƙin datti kamar garin gawayi. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido bai cika gani ba, suna yaɗuwa daga dabba zuwa dabba. Aka wanke kunnen, aka ɗiga mata Stronghold, na kamfanin Zoetis, a fatar ƙeya inda harshe ba ya kaiwa. Cikin 'yan kwanaki susa ta ragu, aka maimaita bayan wata guda, ƙuma ma ta tafi. Sai dai shi ba maganin kaskar kyanwa ba ne.

Uwargida ta so a ɗan sam mata ragowar maganin feshin kare da ke gida, Allah ya sa muka tambaya tukuna. Akwai sinadarin permethrin a ciki, wanda kare ke ɗauka lafiya amma yake kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Tun ranar na raba wurin ajiya, na kare daban na kyanwa daban.

Bana tun kafin ruwan farko na ba Duna ƙwayarsa, na rubuta ranar a jikin kalanda. Ga shi muna tsakiyar Agusta, kaska biyu kacal na cire masa, su ma matattu.