Tashar NASA Goddard a YouTube: bidiyonsu na baƙin rami ya cancanci datarka

Jama'a duk mai sha'awar ilimin sararin samaniya ya leƙa tashar NASA Goddard (wata cibiya ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka) a YouTube, kyauta ce, data kawai za ka tanada. Wanda ya fi burge ni shi ne bidiyon da suka yi kan Swift J1644+57, abun da tauraron ɗan adam ɗinsu mai suna Swift ya hango ranar 28 ga Maris 2011, daga nisan da haske ke shafe kusan shekara biliyan 4 kafin ya iso mana.

Wallahi yadda suka zana shi sai ka fahimta ko ba ka taɓa zama ajin kimiyya ba, tauraro ya matso kusa da ƙaton baƙin rami (black hole, wato wani wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja da ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa), ƙarfin jan ramin ya miƙar da shi kamar taliya har ya yage, gas ɗin ya riƙa kewaya ramin yana zafi, sai kuma wani sashe bai faɗa ciki ba, ya fito da gudun da ya kusa na haske, kuma ya saito duniyarmu shi ya sa ma aka gan shi da ƙarfi haka. Masana na ganin juyawar ramin da maganaɗisun da ke kewaye da shi ne ke harba shi, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Bayanin da Turanci ne, amma bidiyon gajere ne kuma hoton kaɗai ya isa. Malaman sakandare don Allah ku sauke shi ku nuna wa ɗalibai.