Shafin Google Scholar a Hannun Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta

A jami'o'inmu na Kano ya zama ruwan dare a tambayi malami adireshin shafinsa na Google Scholar, wato manhajar neman maƙalun ilimi a intanet, idan ya zo neman ƙarin girma, ko tallafin bincike, ko haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaje-gwaje na ƙasar waje, har ɗaliban digiri na uku ma sukan leƙa shafin malami kafin su yanke shawarar wanda za su roƙa ya duba aikinsu. Ni fannina shi ne ilimin ƙananan halittu, musamman ƙwayoyin cuta na bairos, kuma ra'ayina a kan wannan hidima shi ne cewa ta yi fice wajen nemo aiki da bayyana shi ga duniya, amma ba ta isa a dogara da ita wajen auna darajar mai bincike ba.

Kamfanin Google ya ƙaddamar da manhajar binciken a watan Nuwamba na 2004, sannan a 2011 ya buɗe wa kowa damar gina shafinsa na kansa, inda maƙalun mutum za su jeru tare da adadin lokutan da wasu marubuta suka ambace su. Buɗe shafin kyauta ne, ba ya buƙatar abin da ya wuce asusun Google da adireshin imel na jami'a ko cibiyar bincike domin tabbatarwa, kuma yana buɗuwa a wayar hannu ko da intanet ɗin ba ta da ƙarfi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na kamfanin Clarivate, waɗanda su ne manyan abokan gasarsa, sai cibiya ta biya rajista da kuɗin ƙasar waje kafin a ci cikakkiyar moriyarsu.

Babban alherinsa a gare mu shi ne faɗin komarsa. Ayyuka da yawa da ake yi a asibitocin Kano, irin su binciken yaɗuwar ciwon hanta nau'in B tsakanin masu ba da jini, ko gwajin bakteriyar da ta daina jin maganin kashe ƙwayoyin cuta a ɗakunan jinya, ana buga su ne a mujallun cikin gida kamar Bayero Journal of Pure and Applied Sciences, wadda ke cikin rumbun African Journals Online. Manyan rumbunan da ake biya ba sa ɗaukar mafi yawan irin waɗannan mujallu, amma Google Scholar yana kamo su, yana kuma kamo kundayen digiri idan jami'a ta sa su a intanet. Saboda haka likitan da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda yake son sanin abin da aka riga aka gano a unguwannin da majinyatansa suke fitowa, a nan ya fi samun biyan buƙata. Haka nan maɓallin da ke nuna waɗanda suka ambaci maƙala yana ba ɗalibi damar bin sawun tambaya guda daga tsohon aiki zuwa sabo, kuma ana iya saita saƙon imel da zai sanar da mutum duk lokacin da sabon aiki ya fito a kan zazzaɓin Lassa ko sanƙarau. A wannan ɓangare ban san wata hidima ta kyauta da ta kama ƙafarsa ba.

Matsala tana farawa ne daga ƙaramin akwatin alƙaluma da ke gefen shafin, wanda shi ne idon kowa yake fara sauka a kai. Akwai jimillar ambato, akwai ma'aunin h da masanin fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, akwai kuma ma'aunin i10 na Google. Idan aka ce ma'aunin h na mutum 15 ne, ana nufin yana da maƙalu 15 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 15, shi kuwa i10 yana ƙirga maƙalun da suka sami ambato 10 ko fiye. Na'ura ce take tattara waɗannan alƙaluma, ba tare da wani edita ya tantance inda ambaton ya fito ba. Ambaton da mutum ya yi wa kansa ana ƙirga shi daidai da na wani, na mujallar da ke buga komai don kuɗi ana ƙirga shi daidai da na fitacciyar mujallar Journal of Virology. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubuci na bogi mai suna Ike Antkare, ya zuba masa maƙalun da kwamfuta ta haɗa suna ambaton juna, har ma'aunin h ɗinsa ya kai 94. Sannan yawan ambato ba ya nuna ingancin aiki. Maƙalar da likitan Faransa Didier Raoult da abokan aikinsa suka buga a Maris na 2020 kan maganin hydroxychloroquine da cutar korona ta tara dubban ambato, da yawa daga cikinsu na masu sukarta, kafin mujallar ta janye ta a Disamba na 2024.

Akwai kuma wata illa da ta fi shafar mu. Sunayenmu suna kama da juna ƙwarai, kuma mujallu sukan taƙaita sunan farko zuwa harafi guda. Idan mai shafi ya bar tsarin sabuntawa na kai tsaye a kunne, maƙalun wani mai irin sunansa, ko da a fannin noma ko tattalin arziki yake, suna iya shigowa cikin jerinsa su kumbura alƙalumansa. Hidimar ta tanadi mafita, domin ana iya zaɓar a riƙa turo saƙo a tabbatar kafin a ƙara kowace maƙala, ana iya goge wadda ba ta mutum ba, a kuma haɗe wadda ta fito sau biyu. Sai dai gyaran yana hannun mai shafin ne kaɗai, kuma wanda kuskure ya ƙara wa lamba ba kullum yake gaggawar gyarawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda alƙaluman suke karkata a cikin fanninmu kansa. Binciken jerin ƙwayoyin gado na bairos yanzu aikin taron dangi ne, maƙala guda tana iya ɗaukar sunayen mutum ɗari ko fiye daga ƙasashe da dama, kuma shafin yana ba kowannensu cikakken adadin ambaton, da wanda ya tsara aikin da wanda ya aika samfuri kawai. Shekarun korona sun ƙara dagula lissafin, domin duk abin da aka rubuta kan wannan cuta ya sami masu karatu a duniya baki ɗaya, yayin da wanda ya duƙufa kan mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yake rubuta wa ƙaramin rukuni na masana. Aikin da ya taimaka aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a Agusta na 2020, wato ɗibar samfurin bayan gida da ruwan kwata, da kiyaye sanyinsa har ya isa ɗakunan gwaje-gwaje na Ibadan da Maiduguri, mafi yawansa ba ya zama maƙala da sunan wanda ya yi shi. Jerin ƙwayoyin gado da mai bincike ya ajiye a rumbunan bayanai na GenBank ko GISAID, wanda wasu za su yi ta amfani da shi shekaru, shi ma ba ya cikin abin da akwatin yake ƙirgawa. Wanda ya san wahalar riƙe firijin ajiyar samfuri da janareta, da jiran sinadaran gwajin PCR na gano ƙwayar cuta su iso daga waje, ya san cewa maƙala ɗaya ta gwaji na haƙiƙa tana cin lokacin da za a rubuta maƙalun bita masu yawa, alhali su na bitar ne suka fi jawo ambato.

Don haka nake ba kowane ɗalibi da malami a wannan fanni shawarar ya buɗe shafin, ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, ya kuma yi rajistar lambar ORCID, wadda take kyauta kuma take bambance shi da masu irin sunansa. Su kuwa kwamitocin ƙarin girma da masu tantancewa, sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike ta riga ta yi kira da a duba abin da aiki ya ƙunsa maimakon dogaro da alƙaluman mujalla, kuma kiran ya dace da wannan akwati ma. Su ɗauki maƙalu biyar da mai neman ya fi alfahari da su, su duba ko suna cikin PubMed, rumbun maƙalun kimiyyar lafiya, su ga matsayin sunansa a jerin marubuta, su karanta sashen hanyoyin gwaji, sannan su tambaye shi wane ɓangare na aikin ya yi da hannunsa.