Yaron ya iya aikinsa, amma faifan da shagonsu ya sayar min ba sabo ba ne

Ina magana ne a kan wani shagon gyaran kwamfuta da ke Computer Village a Ikeja, ba zan kama suna ba. Na rubuta ne saboda 'yan uwa na Agege da Mile 12 da suka daina rubuta bashi a littafi suka koma kwamfuta.

Tamu ƙaramar saba ce (kwamfutar da ke ajiye bayanan kasuwanci) mai Linux, da faifan ajiya biyu a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya shiga ɗayan. Lissafin shinkafa da man gyaɗa da bashin kwastomomi duk a ciki yake. Kwatsam ta fara tsayawa cik in an buɗe wasu fayiloli, a yi ta jira, can sai ta kawo "I/O error", wato ta kasa karatu ko rubutu a faifai. Mai gyaran unguwa ya zo, ya nuna min kalmar PASSED a allo, ya ce faifai lafiya lau, bairos ne, a goge komai a sake zubawa. A goge bashin da mutane suka ci na watanni? Na sallame shi.

Yaron da shagon Ikeja suka turo Bazazzagi ne, ƙaramin yaro, da na gan shi har gabana ya faɗi. Amma kafin ya ɗauki sukurdireba sai da ya hana kowa shigar da lissafi. Ya buɗe dmesg, rahoton da Linux ke bayarwa kan abin da ke faruwa a na'ura, sannan ya kira smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, a kan kowane faifai daban, ya jawo min kujera.

"Alhaji, PASSED ɗin nan ba shaida ba ce," in ji shi. "Faifai yana iya kusa mutuwa yana nuna ta. Layukan ƙasa ake karantawa."

Ya bi da ni da bakin biro. Layi na 5 shi ne yawan guraben da suka lalace faifan ya musanya su da na ajiya. Na 197 guraben da ya kasa karantawa ne, yana jira a sake rubutu a kansu ya ga ko za su tashi. Na 198 waɗanda ya gwada ya kasa gyarawa. A faifan farko duk ukun sun bar sifili, kuma 197 ya ƙaru muna zaune. Ni wata lamba mai miliyoyi a layi na 1 ce ta tayar min da hankali, ya ce in rabu da ita, haka kamfanin Seagate mai ƙera faifan ke ƙirga nasa.

Faifai na biyu ne ya sa na ɗaga masa hula. Layukan nan uku sifili ne tas, amma 199 ya yi sama. Ya ce wannan ba ciwon faifai ba ne, saƙo ne ke lalacewa a hanya, yawanci laifin waya. Ya buɗe murfi, ga wayar SATA, mai haɗa faifai da kwamfuta, maƙalinta ya karye, tana lilo, ƙura ta yi mata kaca-kaca. Sai ya nuna min wani ɗan rubutu: inda ya kamata a ga [UU], alamar duk biyun suna aiki, sai ga [U_]. Ashe saboda wayar nan tsarin ya daɗe da fitar da lafiyayyen faifan, sabar tana tafiya a kan mara lafiyar kaɗai, kuma abin da ke kan lafiyayyen tsohon lissafi ne. Muna ta taƙama muna da biyu!

Na ce to a canja waya a sake haɗa su mana. Ya ƙi. Ya ce haɗawar sai ta karanta mara lafiyar daga farko har ƙarshe, tana kaiwa gurbin da ya mutu za ta iya tsayawa a rabi, a rasa tsuntsu a rasa tarko. Fsck ma, manhajar gyara tsarin fayiloli, ya ce ba yanzu ba, kwafi tukuna. Da ddrescue ya yi, wanda ke kwashe wuraren da ke karantuwa da farko, ya ajiye taswirar inda ya tsaya, daga baya ya koma wa masu wuya. Ya sa aka tada janareta tun da batirin UPS ɗinmu ya mutu, ya zauna har bayan isha'i. Lissafinmu ya fito gaba ɗaya, 'yan guraben da suka ƙi tashi a wasu tsofaffin hotunan rasit suka faɗa. Na biya kuɗin aikin ba ciniki, na ƙara masa na mota.

Har nan da tauraro biyar zan ba su. Sai dai faifan da aka yi kwafin a kai daga shagonsu ya zo, a leda a rufe, da farashin sabo. Da yaron ya tafi na tuna ya ce layi na 9 shi ne awannin da faifai ya yi a kunne. Na sa akawunmu ya duba. Da muka raba da 24 muka fitar da kwanaki, ashe ya haura shekara uku yana aiki a wani wuri! Na kira mai shagon, ya ce ai "giredi wan" ne, kowa haka yake sayarwa. To ka faɗa min tokumbo ne mana, in zaɓa da kaina. Ni da na kira ku saboda tsohon faifai ya kusa cinye min dukiya, ku kawo min wani tsohon da sunan sabo?

Kuma da na zauna sai sauran abubuwan suka dawo min. Sun ce ƙarfe goma na safe, sai bayan azahar ya iso, wai gosulo, Ikeja zuwa Agege. An yi alkawarin saita smartd, manhajar sa ido kan faifai, ta riƙa turo saƙo da zarar lambobin nan sun motsa, don kada a maimaita abin da ya faru, har yau shiru. Rasit ɗin ma ba a rubuta lambar jikin faifan ba, balle garanti.

Yaron ya kira ni ta wayarsa ya ba ni haƙuri, ya ce ba shi ya ɗauko faifan ba, na kuma yarda da shi. In aikin bincike ne zan sake nemansa, amma faifai a wani wuri zan saya, kuma sai an jona shi na ga layi na 9 kafin kuɗi su fita daga hannuna. Mai shagon ya ce in kawo a canja ranar Litinin. Na ce su za su zo Agege, da sabon a hannu.