Wata 19 da kujerar mota mai juyawa: abin da na gani da idona

Tun ranar da aka sallame mu daga asibiti da jaririya 'yar kwana uku muke amfani da wannan kujera, yau wata 19 ke nan. Sai yanzu na ga ya dace in ce wani abu a kanta, don kujerar yaro ba a sanin halinta a satin farko. Sai ta sha tumbuɗi, ta sha rana, an kwance ta an sake ɗaurawa, wanda ke cikinta ya yi wayon da zai fara kokawa da madauri, sannan a san ko ta amsa sunanta.

Tamu irin mai juyawa ce a kan gindinta, ana maƙala ta da ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙarafan ɗaura kujerar yaro da ke jikin gidan bayan mota, tana kuma da ƙafa ɗaya da ke tokare daɓen mota. An rubuta a jikinta tana ɗaukar yaro daga tsawon santimita 40 zuwa 105, wato daga haihuwa har wajen shekara huɗu. Kamfanoni da yawa na yin irinta, kuma abin da zan faɗa ya shafi samfurin ne fiye da sunan da ke manne a jiki.

Kafin mu saya, abu ɗaya na nace sai na gani: takardar nan mai ruwan lemo da ake liƙawa a gindin kujera, mai harafin E a cikin da'ira. Ita ce shaidar an gwada kujerar bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙa'idojin biyu ne. Tsohuwar, R44, da nauyin yaro take aiki. Sabuwar, R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013, da tsawon yaro take aiki, ta wajabta gwajin karo ta gefe, ta kuma hana juya yaro ya fuskanci gaba kafin ya cika wata 15. Tun watan Satumba na 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a ƙasashen Tarayyar Turai. Tamu R129 ce. Wadda ba ta da shaidar gwaji ko ɗaya, komai kyan launinta da taushin sosonta, ban ɗauke ta a matsayin kujerar mota ba.

Ɗaura ta bai ba mu wahala ba. A motocin da ke da ISOFIX akwai ƙarafa biyu a ɓoye tsakanin mazauni da majinginar gidan baya. Kujerar na da hannuwa biyu, ka tura su har ka ji sun ce ƙas, alamar da ke ja ta koma kore. Sai ka saukar da ƙafar ta taɓa ƙasa, ita ma alamarta ta koma kore. Shi ke nan. Tun 1997 aka fara sa waɗannan ƙarafa a mota, kuma dalilin ƙirƙiro su shi ne yawan kuskuren da iyaye ke yi wajen ɗaure kujera da bel. Na kama ta daga gindi na girgiza da ƙarfi, ko motsi. Dama ƙa'idar ita ce kada ta matsa fiye da santimita biyu da rabi.

Amma nan ɗin ne kuma aibinta na farko. Ba ta ɗauruwa da bel sam. Duk motar da ba ta da ƙarafan nan, kujerar ba ta da amfani a cikinta. Wata rana motarmu na wurin gyara, muka nemi aron ta yayata. Tana da ISOFIX, muka yi murna, ashe a daɓen gidan baya akwai ɗan akwatin ajiya mai murfin roba, daidai inda ƙafar za ta sauka. Littafin kujerar ya hana tokare ƙafa a kan irin wannan murfi sai in mai ƙera motar ya amince, don yana iya burmawa a lokacin karo. Dole muka ɗaga tafiyar. Ga kuma nauyi, kusan kilo 15 take. Wanda ke sauya mota kullum, ko mai hawa motar haya da yaro, wannan ba tasa ba ce.

Abin da ya fi jawo mini magana shi ne har yanzu 'yata baya take kallo. Ta wuce wata 15 ɗin da ƙa'ida ta gindaya, kujerar kuma na iya juyawa gaba, amma ban juya ta ba. Yayar tawa ta taɓa leƙawa ta ga ƙafafunta a lanƙwashe jikin majingina, ta ce, "Haba ƙanwata, ba kya tausayin yarinyar nan? Dubi yadda ta takure."

Na ce, "Yaya, wuyanta nake tausayi."

Ba gatse na yi mata ba, iyakar gaskiyata ke nan. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, ga nauyi, ƙasusuwan wuyansa kuwa ba su gama ƙwari ba. In mota ta daki abu ta gaba, kuma irin wannan karon ne ya fi yawa cikin munanan haɗurra, komai da ke ciki gaba yake yi. Yaron da ke fuskantar gaba, madauri zai riƙe ƙirjinsa, kan kuma ya wuce da ƙarfi, duk nauyin ya tattaru a wuya da lakar da ke cikinsa. Wanda ke fuskantar baya kuwa, ƙarfin danna shi yake yi cikin kujerar, kai da wuya da gadon baya su tafi tare, bugun ya bazu a jikin majingina. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Bertil Aldman, shi ya kawo wannan dabara a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya rigingine don jure ƙarfin tashin kumbo. A can Suwidin har yau yara kan kai shekara huɗu suna kallon baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2018 ta daina ambaton shekara biyu, ta ce a bar yaro haka har ya kai iyakar tsawo ko nauyin da kujerarsa ta yarda.

Batun ƙafa kuwa, na zuba ido na gani. Wani lokaci ta harɗe su, wani lokaci ta miƙe su sama jikin majingina, wani lokaci ta zuro su gefe. Haka take zama ko a tsakar ɗaki. Ba ta taɓa kuka don ƙafa ba.

Juyawar da kujerar ke yi, da farko ƙawa na ɗauke ta. Yanzu ita ce abin da na fi yabawa, kuma ba don sauƙin da bayana ya samu kaɗai ba. In na juyo ta ta fuskanci ƙofa, ina ganin yarinyar gaba da gaba, ina ganin ko madaurin ya murɗe, ina jan igiyar matsewa kai tsaye da ƙarfina duka. A kujerar da ba ta juyawa, a karkace ake yin wannan, rabin jiki a mota rabi a waje, kuma a nan ake sakaci. Tana da makullin da ke hana ta tsayawa a gefe ba tare da alama ta nuna ja ba, saboda haka ba na tayar da mota sai na ji ta koma mazauninta ta kulle.

Maganar matsewar nan sai na ɗan tsaya a kanta, don a nan na yi kuskure na tsawon wata biyu. Ina barin madaurin sako-sako, ina ganin kamar zai danne mata ƙirji. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta rako mu bakin mota ranar riga-kafi, ta sa yatsu biyu ta tsunkuli madaurin a kan kafaɗa, ya naɗe a hannunta. Ta ce, "Maman jaririya, muddin kika iya tsunkulo shi haka, bai matse ba. Ja har yatsunki su zame." Ta nuna mini kuma cewa ga mai kallon baya, madaurin ya fito daidai kafaɗa ko ɗan ƙasa da ita, ba sama ba. Na koma gida jikina a sanyaye. Wata biyu ina yawo da yarinya cikin kujera mai shaidar gwaji, alamomi duk kore, amma abin da zai riƙe ta ɗin a sake yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa kujerar yara na rage haɗarin mutuwa da kashi 71 cikin ɗari ga jarirai, da kashi 54 ga 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Ban ga yadda madauri sako-sako zai ba da wannan kariya ba.

Daga ranar na daina sa mata riga mai kauri a cikin kujera. Rigar sanyi mai soso kan sa a ga kamar madauri ya kama, alhali in an yi karo soson lotsewa yake yi, ya bar sarari. In akwai sanyi, in ɗaure ta da kaya marasa nauyi, sannan in lulluɓa mata bargo a sama.

Ba mu taɓa yin haɗari ba, Allah Ya ci gaba da tsarewa, don haka ba zan ce na ga aikin kujerar a karo ba. Abin da na gani shi ne birki. Tana wata 11, wata mota ta faɗo mana daga kwana, maigidana ya take birki har ƙasa. Gudunmu bai wuce kilomita 50 ba. Jakata da ke gefena ta tashi ta daki bayan kujerar direba, gorar ruwa ta wuce har gidan gaba. Ni kaina bel ya bar mini shaida a kafaɗa. Ita kuwa farkawa kawai ta yi ta tsala kuka, tana nan inda na ɗaure ta. Da a cinyata take fa? Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita goma, wajen bene hawa uku. Babu hannun uwar da zai riƙe yaro a wannan hali, komai son da take masa. Tun ranar kuma duk wani abu mai nauyi a but nake sa shi.

Sauran aibobinta na yau da kullum ne, amma suna da ciwo. Tana da zafi. Yadin da aka lulluɓe ta da shi baƙi ne, mai kauri, ga bangaye masu zurfi a gefen kai saboda kariyar karo ta gefe, iska ba ta ratsawa. Tafiyar minti 20 ta isa in ɗago ta da ƙeya sharkaf da gumi. In mota ta daɗe a rana, ƙarfen maɓallin ɗaurewa har ƙuna yake yi, sai na taɓa da bayan hannuna kafin in zaunar da ita. Yanzu farin zane nake rufa wa kujerar in mun fita. Cire rigar kujerar don wanki kuma aiki ne ja, ranar farko sai da na ɗauki hoton kowane mataki don in iya mayarwa. Madaurin kansa ba a jiƙa shi ko a sa shi a injin wanki, goge shi kawai ake yi da tsumma mai ɗanshi, ƙanshin tumbuɗi kuwa ba ya barinsa da wuri.

A watannin farko akwai abin da ya tsorata ni. Mazaunin gidan bayan motarmu a ɗan gangare yake, saboda haka ko na kwantar da kujerar zuwa ƙarshe, ba ta kwanta yadda nake so ba. Sau biyu na ga kan jaririyar ya rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, kuma wannan zama na iya toshe wa jariri numfashi. Matashin jarirai da kujerar ta zo da shi ya taimaka bayan na gyara zamansa kamar yadda littafin ya nuna. Ban ƙara wani tsumma ko filo nawa ba, don abin da ba a gwada kujerar da shi ba, ba a cusa shi. Amma har ta yi wata huɗu a baya nake zama kusa da ita, kuma ba ma wuce awa biyu ba mu tsaya mun fito da ita ta miƙe ba. Wanda zai saya don sabon haihuwa, ya gwada ta a cikin motarsa tukuna, ya duba kwanciyarta da idonsa.

A gidan gaba ban taɓa sa ta ba. Jakar iskar da ke gaban fasinja na fashewa da ƙarfin da zai iya kashe jaririn da kujerarsa ke kallon baya, gargaɗin na nan a manne jikin makarin rana na mota. Sai dai zaman baya da kallon baya na da nasa haɗarin: yaro ya yi barci shiru, direba ba ya ganinsa, a fita a manta da shi. Mota a rufe tana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin zafafa sau uku zuwa biyar. Na sa ɗan madubi a majinginar kai don in riƙa hango fuskarta, kuma in ni kaɗai ce da ita, wayata a aljihun ƙofar baya nake ajiye ta, dole sai na buɗe ƙofar kafin in tafi.

An tambaye ni ko zan sayar da ita in mun gama. Zan iya bai wa wanda ya san ni, ya san ba ta taɓa shiga haɗari ba. Ni dai ba zan sayi ta hannu daga wanda ban sani ba, don kujerar da ta sha karo na iya tsagewa ta ciki ba a gani, roba kuma na gajiya da zafi da shekaru. Shi ya sa masu ƙerawa ke sa musu wa'adi, galibi shekara shida zuwa goma. Wa'adin tamu yana rubuce a gindinta tare da ranar ƙira.

Da za a mayar da ni ranar saye, ita zan sake ɗauka, sai dai in nemi mai yadi mai haske. Ta dace da mai mota ɗaya da ke da ISOFIX, wanda zai ɗaura ta ya bar ta a wurin. Satin da ya wuce na auna 'yata jikin bango, santimita 83. Na ɗaga matokarin kai mataki ɗaya, madaurin ya dawo daidai kafaɗarta. Saura santimita 22 kafin ta fi ƙarfin kujerar, kuma duk a kallon baya za ta yi su.