Sharhi kan hular kwanon da na yi wata takwas ina hawa jirgin ruwa mai gudu da ita

Na sayi wannan hular kwano a watan Oktoba, lokacin da zafin Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya fara sauka kuma masu jiragen shaƙatawa suka fara komawa teku, na kuma ajiye ta a watan Mayu saboda dalilin da zan bayyana a gaba. Ba ni da jirgi na kaina. Ina zama ne a kujerar gefen direba a jirgin wani abokin aikina, buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita takwas da injina biyu a baya, wanda kan taɓa kilomita 110 a awa idan teku ta kwanta. Ba tsere muke yi ba, amma a irin wannan gudu mutum ba ya bukatar wanda zai gaya masa cewa kansa yana cikin haɗari, domin ƙarfen gilashin gaba da allon mitoci suna nan daf da goshinsa, jirgin kuma ba ya rabuwa da tsalle.

Hular mai rufe fuska ce gaba ɗaya, ɓawonta na faiba, nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, launinta kuma ruwan goro ne mai ɗaukar ido. Da farko baƙa na so saya, don ta fi kyau a ido, sai mai shagon ya tambaye ni ta yaya za a hango baƙin abu yana lilo a tsakanin igiyoyin ruwa. Daga baya na gano cewa hukumar UIM, wadda ke kula da tseren jiragen ruwa a duniya daga hedikwatarta a Monako, ta sanya a dokokinta cewa saman hular ɗan tsere ya kasance da launi mai haske irin wannan, domin idan mutum ya faɗa ruwa kansa kaɗai ake gani, kuma jirgin da ke biye da shi yana bukatar ya hango shi tun daga nesa. A cikin hular, ƙarƙashin soson, akwai tambarin Snell. Wannan gidauniya ce ta Amurka da aka kafa a 1957, bayan wani ɗan tseren mota mai suna Pete Snell ya rasu a 1956 sanadiyyar hular da ta gaza kare shi, kuma tana sabunta ƙa'idojin gwajinta duk bayan shekara biyar. Sai dai ya kamata mai saye ya sani cewa gwajin nata na buguwa ne da abu mai tauri, an tsara shi don mota da babur, ba ya nuna yadda hula za ta kasance idan ta haɗu da ruwa.

Wannan darasin na ruwa wani dattijo ne ya koya mini, makanikin da ke duba mana injina, Bahaushen Sudan wanda ya daɗe yana aiki a tashar jiragen. Ranar da na fara zuwa da hular, sai ya sa na sanya ta na ɗaure, ya kama ta daga ƙeya ya turo ta gaba da ƙarfi, nan take ta zamo har ta rufe mini ido. Ya ce, "Ɗana, wannan ai guga ka saya. Idan ka faɗa da gudu, ruwa zai shiga ta ƙarƙashinta ya cika ta, ya fizgi kanka baya alhali jikinka yana tafiya gaba." Na ce, "Baba, ai ita ce ta fi mini daɗi a shago, ƙaramar tana matse mini kumatu." Ya ce matsewar nan ita ake biya wa kuɗi. Na mayar da ita washegari aka ba ni wadda ke ƙasa da ita a girma, bayan an auna kaina da tef aka samu santimita 57. Maganarsa tana da tushe, domin ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka duk wata kafa da ke tsakanin hula da wuya wuri ne da ruwa zai kama ya ja. Saboda wannan ne ma wasu daga cikin waɗanda muke fita tare suka fi son hular da ba ta da haɓa, suna cewa ruwa ba ya samun abin riƙewa sosai. Ni dai na tsaya a kan mai rufe fuska, domin abin da na fi tsoro a jirginmu shi ne ƙarfen da ke gabana.

Mako biyun farko na sha wuya. Soson kumatun yana danne haƙora, kuma duk sanda na cire hular sai na ga jan layi a goshina. Bayan fita huɗu ko biyar sai soson ya ɗauki siffar fuskata, ta zauna daram, ko jirgi ya yi tsalle ya dira ba ta motsawa. A nan na fara jin daɗin kuɗina. Feshin ruwa a gudun kilomita 90 kamar tsakuwa yake a fuska, kuma kafin na sayi hular nakan dawo gida idanuna jajur saboda gishiri da iska, amma gilashin fuskar ya raba ni da wannan baki ɗaya. Ƙugin iska ma ya ragu ƙwarai, har ciwon kan da nake samu bayan doguwar tafiya ya ɗauke. Maɗaurin haɓar na zobba biyu ne, irin wanda ake zura igiya a dawo da ita, kuma ko da yake yana da wahalar ɗaurewa da jiƙaƙƙen hannu, bai taɓa sassautawa da kansa ba ko sau ɗaya.

Aibinta na farko shi ne tururi. Iskar wannan gaɓar teku tana da laima sosai, kuma da zarar jirgi ya rage gudu zai shiga tasha, numfashina yakan lulluɓe gilashin cikin 'yan daƙiƙu, dole sai na ɗaga shi, alhali lokacin ne ake bukatar ido a kan ƙananan jirage da masu babur ɗin ruwa. Na gwada maganin fesawa na hana tururi, ya yi aiki na fita biyu kacal. Na biyu shi ne tsatsa, wanda ya ba ni haushi fiye da komai, domin an sayar mini da hular a matsayin ta ruwa, amma kafin wata uku zobban maɗaurin da ƙusoshin gilashin sun fara ja, duk da cewa ina ɗauraye ta da ruwan famfo bayan kowace fita. Soson ciki ana iya cire shi a wanke, abin yabo ne, sai dai yana shan ruwa kamar tsumma, kuma idan bai bushe sosai a inuwa ba warinsa ba ya misaltuwa. Akwai kuma batun ji, domin ba na jin abin da direba yake faɗa sai ya taɓa kafaɗata, har muka koma yin magana da hannu. Nauyin ma ba a jin sa a cikin shago, sai an yi awa guda ana dukan igiyar ruwa wuya yake fara ba da labari.

A watan Mayu ne hular ta biya bashinta. Muna dawowa da hantsi, iska ta ɗan taso, gudunmu bai wuce kilomita 80 ba, sai muka tsallaka sawun wani babban jirgi da ya wuce can gaba, wanda bai yi kama da abin damuwa ba daga nesa. Jirginmu ya tashi sama, ya dira a karkace da hanci, sai na ji an wurga ni gaba duk da cewa hannuna biyu suna kan mariƙi. Haɓar hular ta daki ƙarfen gilashin gaba, gefen kaina na dama kuma ya bugi kusurwar allon mitoci. Abin da na ji shi ne ƙara mai nauyi a cikin kunne, kamar an doki turmi da taɓarya, sannan ɗanɗanon jini saboda na ciji harshe. Direba ya rage wuta nan take, muka tsaya muka duba juna. Na je asibiti a ranar aka duba ni, ba a sami komai a kai ba, sai wuya da ya yi kwana biyar yana ciwo. A jikin hular kuwa fenti ya ɗaye a haɓa wajen faɗin babban yatsa, ga kuma wani ɗan tsagi a gefe. Inda ƙarfen ya sauka daidai haƙoran gabana ne.

Ba na so mai karatu ya ɗauka cewa hula tana maganin kowane haɗari. Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako kuma zakaran duniya a tseren teku, ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1990 yana da shekara 30, lokacin da jirginsa ya kife a tsakiyar tsere kusa da Monako. Wanda ya kalli gasar F1H2O, ta tseren jiragen ruwa ta duniya, a tafkin Khalid na nan Sharja zai ga yadda aka ɗauki lamarin a yau: jiragen suna wuce kilomita 200 a awa, direba yana cikin rufaffen mazauni mai ƙarfi, an ɗaure shi da bel, akwai na'urar da ke riƙe hularsa da kafaɗunsa don kare wuya, akwai kuma kwalbar iskar shaƙa idan jirgi ya kife. Mu da ke buɗaɗɗen jirgi ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da muke da shi hula ce da rigar hana nutsewa da igiyar da ke kashe inji idan direba ya bar kujerarsa, kuma da an wurga ni cikin ruwa a ranar, rigar ce za ta riƙe ni a sama.

Na kai wa Baba makaniki hular ina tunanin a shafa mata fenti in ci gaba da amfani da ita, tunda ba ta fashe ba. Ya zare soson ciki ya nuna mini farin kumfan da ke ƙarƙashinsa, inda ya loɓa a daidai gefen da ya bugu, ya danna da yatsa bai taso ba. Wannan kumfa ta hanyar murƙushewa yake shanye duka, kuma idan ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, don haka hular da ta sha duka mai ƙarfi ta gama aikinta ko da wajenta yana sheƙi. Na yanke maɗaurinta don kada wani ya tsince ta ya sanya. Na sake yin odar irinta, girma ɗaya, launi ɗaya, amma wannan karon na nemi gilashi mai ruɓi biyu saboda tururi, na kuma tambayi mai shagon tun kafin in biya ko zobban na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Ya ce zai tambayi kamfanin ya sanar da ni kafin lokacin fita ya dawo a Oktoba.